Kwalin orijina ne, to fulogin fa?

Motata Corolla ce 'yar 2006 mai injin 1ZZ-FE, ita nake ci da ita tsakanin Kaduna da Zariya. Tun da aka saki naira a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, na koma leƙa waya kafin in taka zuwa Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna. A Jiji da Facebook da rukunonin WhatsApp babu abin da ba a tallatawa, daga 'yan Ladipo na Legas har 'yan Ƙofar Ruwa na Kano, kuma kowa rantsuwa yake yi nasa orijina ne. Ana samun masu gaskiya da yawa. Matsalar ita ce hoton mai gaskiya da na ɗan jabu iri ɗaya ne, wani lokacin ma hoto guda ne suke ta kwafa.

Ban fara da sunan kaya ba, da lamba nake farawa. Kayan Toyota suna da lamba mai alamomi goma, biyar a gaba, biyar a baya, kuma lambar shasi mai alamomi 17 ita ce ke nuna wadda ta dace da motarka. Fulogin da injina ke ɗauka shi ne Denso SK16R11. Idan na tambayi mai sayarwa lamba ya ce min "ai duk Corolla ɗaya ne", mun rabu ke nan. Idan ya turo hoto mai sheƙi, sai in saka shi a Google Lens. Sau da yawa nakan tarar da shi a shafukan ƙasashen waje. Daga nan sai in ce ya rubuta ranar yau a takarda, ya ajiye kusa da kayan a buɗe, ya ɗauka. Wanda kaya ke shagonsa minti kaɗan ne. Wanda zai je ya nemo sai ya fara ba ka labarin yaronsa ya fita da makulli.

Fulogin da ya fi koya min darasi daga wani shafi na yi odarsa, farashinsa bai kai rabin na dila ba. Na yarda ne bisa sharaɗi ɗaya: ɗan aike ya same ni a gareji, a duba, sannan in tura kuɗi. Kwalin kam ba laifi, ja da fari, rubutu tsaf, har da tambari mai ƙyalli. Bakanikena, dattijo ne da ya girme ni sosai, ko kallon kwalin bai yi ba. Ya sa yaronsa ya kwance tsohon fulogi ɗaya daga injin, ya goge shi da tsumma, ya jera shi da sabon a kan murfin mota.

"Ɗan nan, zo ka duba bakinsu."

Na sunkuya. Tsohon, duk da shekarun da ya yi yana cin wuta, tsininsa siriri ne kamar bakin allura, ana ganin wurin da aka liƙa shi. Na sabon ya fi kauri, kuma launinsa ɗaya da sauran ƙarfen, alamar fiƙe shi kawai aka yi. Nan ne kuɗin irin wannan fulogin yake, a wannan ɗan tsinin na ƙarfe mai tsada da ake kira iridiyam, wanda bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa yake iya wuce kilomita 100,000 yana aiki. Ɗan jabu ba zai kashe kuɗi a nan ba.

"Baba, ko dai wani samfuri ne suka canza?"

Bai amsa ba. Ya ɗiga fetur a yatsa ya murza rubutun da ke jikin farin tangaran, sai shuɗin ya fara bin yatsansa. Ya juya fulogin ƙasa, wosha ta zame ta faɗi, alhali ta tsohon ko ka girgiza ba ta fita. Zaren ma da kaushi. Ƙarshe ya kira mai wayarin ya kawo mita. Harafin R da ke cikin lambar yana nufin akwai rezisto a ciki, ya kamata fulogi huɗun da aka kawo su nuna kusan abu ɗaya, wajen kilo-om biyar. Kowanne da abin da ya karanta, ɗaya ma kusan sifili. Ɗan aike ya maida kayansa jaka. Mai shagon ya kira yana faɗa, daga baya ya sauko ya ce akwai "giredi na ɗaya" idan zan ƙara kuɗi. Wato shi ma ya san abin da ya turo.

Ba ɓatan kuɗin fulogi ne abin tsoro ba. Idan wuta tana tsallake, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa ya ƙona abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke ce wa indomi, kuma farashinsa ya ninka na fulogi nesa ba kusa ba. Idan tsinin ya narke ko tangaran ya fashe cikin silinda, maganar sauke inji ake yi.

Matatar baƙin mai ta fi wuyar ganewa, don cikinta a rufe yake. Abin da nake yi shi ne in leƙa ƙananan ramukan gindinta in ga robar da ke hana mai komawa idan an kashe mota, in taɓa ta da tsinke in ji ko tana da laushi, in kuma ɗaga ta da wadda na amince da ita in ji nauyi. Bayan juye kuma, idan daga sabon mai sayarwa ta zo, nakan sa a yanka tsohuwar da zarto. Takardar ciki ba ta ƙarya: ko ninkinta ya yi yawa a jere daidai, ko ka tarar da 'yar kaɗan da gam ya yi dumu-dumu. Wani abu da mutane ke ruɗewa a kai, ganin an rubuta Thailand a jikin matatar Toyota ba alamar jabu ba ne, da yawa daga cikin na gaskiya can ake yin su. Masu kwaikwayo ne ma suka fi son buga Japan, sun san abin da muke son gani. Haka lambar QR, kwafarta ba wuya, don ta buɗe shafin kamfani ba ta tabbatar da komai ba.

Yanzu idan aljihu bai kai na dila ba, na fi son kayan ƙaramin kamfani da ya sa sunansa na gaskiya a kwali, ko ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata mota ina gani, a kan mai araha da ya ari sunan Denso ko NGK. Na farkon ya gaya maka matsayinsa, ka san lokacin da za ka canza shi.

Rasit nake karɓa mai adireshin shago da lambar kaya, ina kuma ajiye hirarmu ta WhatsApp, don ko hukumar SON mai kula da ingancin kaya ko FCCPC mai kare haƙƙin masu saye za ka kai ƙara, shaida za su fara tambaya. Kayan birki da na sitiyari kuwa na cire su daga lissafin waya gaba ɗaya. Waɗannan ni da Baba muke shiga Panteka da ƙafa, tsohon kayan yana leda, a gwada a gaban mai shago kafin kuɗi ya fita.