Yadda na sayi motar iyali a Legas, da abin da ya same mu bayan Jebba

Hajiya, mahaifiyata, ce ta sa na sayi motar nan, ko da yake ba ta taɓa buɗe baki ta ce in saya ba. Da ƙaramar Sallah muka tashi daga Agege za mu Zariya a doguwar motar haya, ni da ita da maman yara da yara biyar. A tasha na ga yadda ta kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu, gwiwa ta ƙi ɗaga ta, sai da kwandasta ya tallafo ta ta baya, mutane na kallo. Da ta zauna ba ta ce komai ba, ta gyara mayafinta ta ciro carbi. Tun daga ranar na fara ware kuɗi.

Ina da tsohuwar Corolla, amma mutum takwas ba sa shiga Corolla sai dai a yi lodin buhuna. Abin da nake nema mota ce mai layin kujeru uku, mai ƙofar da ake ja gefe, wadda gindinta bai yi tsawon da tsohuwa za ta sha wahalar hawa ba.

Maganar sabuwa dal ba ta ɗauke ni ko kwana ɗaya ba. Toyota Sienna, ɗaya daga cikin irin motar da nake nema, tun daga ƙirar 2021 duk mai haɗa fetur da batir ce, tana da tsimin mai ƙwarai, amma da na ji kuɗinta sai na ga ya isa a sayi fili a ɗora gini a gida. Kuma na tambayi kaina, in batirin ya yi gardama a Mokwa, wa zan kira? Saura zaɓi biyu: tokumbo, wadda mutanenmu a Arewa ke kira Beljiyam, ko wadda aka riga aka mora a nan gida.

Lokacin ma bai yi mini daɗi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Aka saki naira, dala ta haye, kuɗin fito na kwastan ya bi ta. Motar da na taya yau, in na koma bayan sati biyu sai a ce, "Alhaji, wancan farashin ya wuce." Kuɗina na zaune a banki suna narkewa kamar ƙanƙara a rana. Wannan ne ya sa mini gaggawa, gaggawar kuma ta kusa kai ni ta baro.

Kowa na da tasa shawarar. Yayana da ke Mile 12 ya dage kan Sharon, wai ita ce ba ta shan mai kuma kowane bakanike a Kano da Kaduna ya san cikinta. Gaskiya ya faɗa, sai dai yawancin waɗanda na gani sun ci duniya a hanyar haya, kuma ƙofofinta irin na ƙaramar mota ne, ba a ja. Wani maƙwabci ya ce Honda Odyssey, ta fi daɗin tuƙi. Na tuƙa ta, ta fi daɗin kuwa. Amma bakanikena Baba, wani dattijon Bayarabe da ya tashi a cikin Hausawan Agege yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya girgiza kai. Ya ce ƙirar farkon shekarun 2000 sun yi suna wajen ciwon giya, kuma ko na baya-bayan in sun lalace kayansu sun fi tsada a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. "Ɗana," ya ce, "ka je Ladipo ka tsaya ka ce Sienna, mutum goma za su taso. Motar da za ka ɗauki uwarka a ciki, irin wannan ake saye." Haka muka tsaya a kan Sienna.

A nan ne na fara koyon cewa Sienna ba ɗaya ba ce. Wadda aka yi daga 2004 zuwa 2006 injinta mai lita 3.3 ne, kuma bel ne ke daidaita tafiyarsa, bel ɗin da dole a canza shi in lokacinsa ya yi, ba a jira ya tsinke. Daga 2007 aka koma injin mai lita 3.5, mai sarƙa. Bodin kusan iri ɗaya ne har zuwa 2010, shi ya sa wasu ke canza fitilu da gaban mota su ce maka ta 2008 ce alhali ta 2005 ce. Baba ya nuna mini inda ake kama su: lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, na goma a jerin shi ke faɗin shekara. In 5 ne, 2005. In 8 ne, 2008. In A ne, 2010. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ma akwai takardar da ke ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera ta.

Mun zaga Berger da ke hanyar Apapa, inda motoci ke jere har ido ya gaji, mun leƙa wurare da dama a Ikeja da bakin titin Agege. Ranar da na je ni kaɗai, ban ɗauki Baba ba, ranar na ga wadda ta tafi da ni. Baƙa wul, ta 2012, kujerun fata, ƙofofi na buɗe kansu in ka danna, ga allon kallo na yara a rufi. Kuɗinta kuma ƙasa da na sa'o'inta sosai. Dillalin ya ce mai ita na neman kuɗi da gaggawa, wani ma zai zo da yamma. Na kusa tura kafin alƙalami a tsaye a wurin. Maman yara na kira in yi mata albishir, ta ce, "Baban yara, tunda ka yi haƙurin wata huɗu, ƙara kwana ɗaya ba zai kashe ka ba. Kai Baba ya gani."

Washegari Baba bai ko buɗe bonet ba. Ya shiga ya zauna, ya rufe ƙofa, ya ja numfashi. Ya ce turaren ya yi yawa. Sannan ya kama bel ɗin kujera ya jawo shi har ƙarshe, sai ga wani layi ruwan ƙasa a jikinsa, kamar alamar da ruwa ke bari a bangon ɗaki bayan ambaliya. Ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, ya lakato da yatsa, busasshen taɓo ne mai laushi kamar hoda. Kusoshin da suka riƙe kujeru duk sun yi tsatsa, a motar da waje ke sheƙi. Ya kira ɗansa ya karanta masa lambar shasin, aka biya 'yan kuɗi a intanet aka ciro tarihinta: kamfanin inshora ne ya sayar da ita a gwanjo a Amurka bayan ruwa ya ci ta, kuma mil ɗin da aka rubuta ranar gwanjon ya ɗara wanda agogonta ke nunawa yanzu nesa ba kusa ba. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya lau, ta yi wata uku tana tafiya. Wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, jibi ta mutu a tsakiyar gadar Third Mainland. Dillalin ya rantse bai sani ba. Wataƙila da gaske yake, shi la'ada yake nema.

Abin mil ɗin nan ma ya cancanci a kula. Motocin Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In ka ga 150,000 a agogo, kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a mayar da agogon baya ba.

Wadda na ƙare da ita ba ta da wani kyan gani. Ta 2010 ce, kalar toka, kujerun yadi, mai cin mutum takwas, ƙofofin da hannu ake jan su. Saman dashbod ɗinta ya tsattsage, ciwon da kusan duk 'yan wannan ƙirar ke da shi in rana ta dake su. Na so mai ƙofar lantarki saboda yara, Baba ya ce igiyar ƙarfen da ke jan ƙofar tsinkewa take yi, kuma yara biyar za su mayar da maɓallin abin wasa. Ya kuma hana ni mai jan ƙafa huɗu: ta fi shan mai, kuma ba ta zuwa da safaya sam, don inda safayar za ta zauna nan ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ya bi. Ya sa aka ɗaga ta ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya duba ko baƙin mai na tsatsafowa, ya duba tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikan Legas ke kira indomi, don ana yanke ta a sayar tun kafin mota ta bar tasha. Muka fita da ita muka shiga cunkoson Oshodi da gangan, da na'urar sanyi a kunne, yana kallon allurar zafi. Ba ta motsa daga tsakiya ba.

Takardu kuwa sai da suka ci mini kwana biyu. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda ta biyo ta Kwatano ta daji, ko wadda aka biya mata rabin kuɗin fito, tana iya shekara tana yawo a cikin Legas lafiya, ranar da ka hau babbar hanya jami'an kwastan su sauke ka da iyalinka su tafi da ita. Na ƙi biya sai da na kai takardun ofishin kwastan aka tabbatar lambar shasin ta dace da abin da aka biya. Bayan nan aka shiga lamba, da inshora wadda mafi ƙarancinta ya koma naira 15,000 tun farkon 2023, da gwajin lafiyar mota na jihar Legas. Gilasanta na baya kuma da duhunsu suka zo daga kamfani, amma ɗan sandan da ke kan hanya ba ruwansa da wannan bayanin, sai na nemi takardar izini.

Ga inda na yi wauta. Kuɗin da na tara kaf na zuba a saye da takardu, ban bar ko na taya ɗaya ba. Baba ya ce a canza tayoyi, na duba na ga zanensu da sauransa, na ce sai bayan Sallah. Ya yi shiru, irin shirun da manya ke yi in sun ga yaro ya ƙi ji.

Da babbar Sallah muka ɗau hanya bayan asuba. Ibadan, Ogbomosho, Ilorin, komai lafiya, Hajiya na kujerar tsakiya ta miƙe ƙafa, yara na baya suna rigimar wa zai zauna gefen taga. Mun haye gadar Jebba da rana tsaka, kwalta ta ɗau zafi, mota cike da mutane da tsaraba, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, bayan motar ya fara rawa. Allah ya taimake ni ban taka birki da ƙarfi ba, na riƙe sitiyari na bar ta ta rage gudu da kanta har muka gangara gefe. Tayar baya ta dama ta yi fata-fata.

Na buɗe but ina neman safaya, babu. A Sienna safayar tana maƙale ne a ƙarƙashin mota, wajen ƙofar ja ta dama, kuma akwai wani kan kusa a ƙarƙashin kafet da ake murɗawa ta sauko a kan igiyar ƙarfe. Wani direban tirela da ya tsaya taimako ne ya nuna mini. Muka murɗa, ta ƙi. Gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara ya cinye wurin, tsatsa ta haɗe komai. Sai da ya kwanta a ƙasa, ya zuba baƙin mai, ya yi ta bugu da guduma kusan awa guda, sannan ta faɗo, ita ma rabin iska. Shi ne ya ɗauko guntun tayar da ta fashe ya nuna mini lambobi huɗu a gefenta: 2314. Ya ce, "Maigida, sati na 23 a shekarar 2014 ke nan. Tayar nan ta girmi wancan yaron naka." Muka lallaɓa zuwa Mokwa, na sayi tayoyi biyu da kuɗin ragon layya. A waccan shekarar kason saniya na shiga.

Tana shan mai, kada wani ya ruɗe ka. Tankinta na cin kusan lita 80, kuma a cunkoson Legas allura na sauka kana kallo, shi ya sa ban sayar da Corolla ba, da ita nake zuwa kasuwa. In ta cika da mutane gindinta na zama ƙasa, duk wani tudun rage gudu sai na haye shi a karkace. A shingayen hanya kuma sau da yawa ana ɗauka motar haya ce, tunda Sienna ce kamfanonin sufuri ke amfani da ita, sai na nuna cewa waɗannan iyalina ne.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne unguwa. Tunda motar ta shigo layinmu ta zama ta kowa: kai amarya Idi-Araba, ɗauko alhazai daga filin jirgi, rakiyar gawa maƙabarta. Wani dare wajen ƙarfe biyu maƙwabcina ya buga ƙofa, matarsa na naƙuda, muka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗa mata katifa. Namiji ta haifa. Hajiya kuwa ta hana kowa kujerar tsakiya ta dama, har jikokinta, a aljihun bayan kujerar gaba ma take ajiye goronta da man zafi. Ranar Asabar mai zuwa akwai ɗaurin aure a Shagamu, tun jiya mutum goma sha ɗaya suka ce da ni za su.