Daren da aka buɗe kwalbar 1990 a Bordeaux

A watan Oktoba na 2019, lokacin da nake zaune a Bordeaux da ke kudu maso yammacin Faransa, wani dattijo maƙwabcina da uwargidansa suka gayyace ni cin abincin dare, domin 'yarsu ta zo daga Paris kuma sun yanke shawarar buɗe wasu kwalaben giyar inabi da suka daɗe suna ajiye. Tun a bakin ƙofa na tuna masa cewa ni Musulmi ne kuma ba na shan giya, sai ya ce ya sani, shi ya sa uwargida ta je har wurin mahauci Musulmi ta sayo cinyar ɗan rago, ni kuma in zo da abin shana. Na dafa zoɓo mai citta na tafi da shi. Saboda haka abin da zan faɗa game da ɗanɗano daga bakinsu na ji shi, amma launi da ƙamshi da yadda aka tafiyar da daren, waɗannan ni ganau ne.

Kafin a zauna, dattijon ya sauka da ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiya. Wurin duhu ne mai sanyi, zafinsa ba ya nisa da maki 13 rani da damina, kuma kowace kwalba a kwance take domin toshiyar bakinta, wadda ake yi da ɓawon itace, ta kasance a jiƙe, kada ta bushe iska ta shiga ta lalata abin da ke ciki. Kwalbar da ya fi ji da ita ta yankin Pauillac ce, ta shekarar 1990, wato shekarar da aka haifi 'yar tasa, kuma ya ɗauke ta tun kwana biyu kafin nan ya tsayar da ita domin lakar da ta taru ta kwanta a gindi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayaninsa kan dalilin jira. Ya ce inabin Cabernet Sauvignon da ake nomawa a ƙasa mai tsakuwa ta Médoc, yankin da Pauillac ke cikinsa, yana da wani sinadari a fatarsa da ƙwayarsa wanda ke sa giyar ta yi bauri sosai idan sabuwa ce, har ta ɗaure baki. Da ya ga ina ƙoƙarin ganewa, sai na tambaye shi ko irin baurin goro yake nufi, na kuma ba shi labarin bagaruwa da majemanmu ke jiƙa fata da ita, ya ce ai dangin sinadari ɗaya ne. Ana fara zuba giyar a gangar katako mai cin lita 225, ta yi wajen shekara ɗaya da rabi, sannan a ɗura a kwalba, inda baurin ke laushi a hankali cikin shekaru. A ganina duk sana'ar a nan take, domin manomin yana yin abin da ya san ba zai nuna ba sai bayan shekara ashirin, mai saye kuma yana biyan kuɗin abin da watakila 'ya'yansa ne za su sha.

Abincin kuwa ba shi da wani ƙawa. Cinyar ragon an gasa ta da tafarnuwa da gishiri, ga farin wake da aka dafa ya yi luguf, ga naman kaza na daji, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da aka soya da man zaitun, tunda kaka ce lokacinsa. Da na ce wa uwargida a gidanmu da an barbaɗe naman da yaji, sai ta ce ta san daɗin barkono, amma tsohuwar giya ba ta jure shi, domin ƙamshinta ya yi rauni, duk abin da ya fi shi ƙarfi zai binne shi.

Dattijon ya kunna kyandir, ya karkata wuyan kwalbar a kan hasken, yana tsiyayewa cikin tulun gilashi sannu a hankali, ya tsaya cak da ya ga laka ta iso wuya. Launin ya bar jan zoɓon da ke kofina ya koma kamar na jan bulo, musamman a gefen kofi. Ƙamshin da ya cika teburin bai yi kama da na inabi ba ko kaɗan. Ni abin da ya zo mini shi ne ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko da na sabon takalmin fata, su kuma suka ambaci ganyen taba da katako. 'Yar ta kurɓa ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce baurin ya tafi, kuma kitsen ragon yana sa ɗanɗanon ya daɗe a baki. Bayan kamar sa'a guda mahaifinta ya ce ƙamshin ya fara dusashewa, wai haka tsohuwar giya take, da zarar ta sha iska ba ta daɗewa.

Kwalba ta biyu, ta yankin Saint-Émilion, ta ɓaci. Yana sansana ta ya ce toshiyar ta gurɓata ta, tana warin jiƙaƙƙen kwali, ya ajiye ta gefe ba tare da ƙorafi ba, ko da yake na ga abin ya taɓa shi.

A ƙarshe aka kawo cukun Roquefort mai gishiri tare da ƙaramar kwalbar giyar yankin Sauternes ta 2001, mai launin zuma. Wannan labarinta ya fi ba ni mamaki, domin fumfuna ce ke yin aikin. A inda ruwan sanyi na kogin Ciron ke haɗuwa da Garonne, hazo yana tashi da safe a kaka, fumfunar ta kama inabin ta tsotse ruwansa ta bar zaƙi, kuma masu girbi sai sun zagaya gonar sau da yawa suna tsinko waɗanda suka kai kaɗai. Shekarar da yanayi ya ƙi, gonar Yquem, wadda ita kaɗai aka ba matsayi mafi girma a yankin cikin jerin darajar gonakin inabi da aka yi a 1855, takan haƙura ta ƙi fitar da giya da sunanta, kamar yadda ta yi a 2012.

Sai wajen sha biyun dare muka tashi. Uwargida ta roƙi in bar mata ragowar zoɓon, na bar mata tare da bayanin yadda ake dafa shi, dattijon kuma ya wanke kwalbar 1990, ya rubuta kwanan wata da sunayenmu mu huɗu a jikin takardarta, ya miƙa wa 'yarsa.