Taswirar da ban duba ba a bayan littafin rubutu

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata, bayan shekara shida a sashen sayo kaya. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ba albashi ne ya kore ni ba, kuma duk sun san maganar taswirar nan. Zan faɗe ta yadda ta faru saboda wanda zai gaji kujerar, tunda har yau a ofis ana ba da labarin kamar ni kaɗai na yi ɓarnar.

A ƙarshen 2023 muka ba wata maɗaba'a a Sin odar littattafan rubutu, irin masu taswirar duniya a bangon baya. Da samfur ya zo na taɓa kaurin takarda, na ƙirga shafuka, na ja ɗinki, na leƙa Nijeriya na ga Abuja tana inda take. Idona bai kai Asiya ba. Na kai wa Oga, wanda Ba'indiye ne, ya juya littafin sau ɗaya yana waya, ya sa hannu. Bayan wata uku kwantena ta iso, muka fara sakar wa 'yan sari. Katan ɗin farko da aka dawo mana da shi ya fito ne daga wata makaranta a Legas inda 'ya'yan Indiyawa suke karatu, haɗe da wasiƙa mai zafi zuwa ga mai kamfani. A taswirar an shafe jihar Arunachal Pradesh ta Indiya da launin Sin, haka ma yankin Aksai Chin can ta yamma.

Oga ya kira ni a gaban kowa, har da masu lodi. Na ce, "Yallaɓai, ai tare muka ga samfurin, sa hannunka na nan." Bai ko kalli takardar ba. Ya ce, "Da Adamawa ka gani a cikin Kamaru, za ka ce ba ka lura ba?" Wannan tambayar ta zauna mini, domin gaskiya ce, da nan take zan gani. Amma shi da ƙasarsa ce aka yanke wa gefe, shi ma bai gani ba. An zaftare mini sulusin albashi har wata uku, aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗina, kuma ni na tsaya a sito mako biyu ana liƙa wata takarda a kan bangon kowane littafi. Sunansa bai fito ko sau ɗaya ba a rahoton da aka tura sama.

Wanda ya warware mini zare da abawa shi ne dattijon akantanmu, shi ma Ba'indiye, mutum mai sanyin hali. A siton ya same ni ya ɗauki littafi ɗaya, ya bi layin da Indiya ke ɗauka iyakarta da farce. Ya ce Turawan Ingila ne suka shata shi a taron Simla a 1914, ana kiransa layin McMahon, da wakilan Tibet suka ƙulla, Sin kuma ba ta taɓa amincewa da shi ba. Ita a wurinta Arunachal kudancin Tibet ne, kusan murabba'in kilomita 90,000. Aksai Chin kuwa, mai kusan 38,000, Indiya ke cewa nata ne amma yana hannun Sin, wadda ta ratsa shi da titin da ya haɗa yankunanta na Xinjiang da Tibet tun a shekarun 1950, Indiya ba ta farga ba sai da aiki ya ƙare. Sai Dalai Lama, shugaban addinin Tibet, ya gudu daga Lhasa babban birnin Tibet a 1959, ya shigo Indiya ta garin Tawang da ke Arunachal, Firaminista Nehru ya ba shi mafaka. Ranar 20 ga Oktoba 1962 yaƙi ya ɓarke, cikin wata guda Sin ta yi wa sojojin Indiya kaca-kaca, ta janye daga gabas, ta riƙe yamma. Da ya zo nan sai muryarsa ta canja. Ya ce yana yaro a lokacin, kuma kafin nan ana koya musu cewa Indiyawa da Sinawa 'yan uwa ne. Abin da bai warke ba a zuciyar sa'o'insa shi ne jin cewa an ci amanarsu.

Ni kuwa a da duk wannan labarin rediyo ne. Na tuna a Yunin 2020 na ji an ce sojoji sun yi faɗa da sanduna da duwatsu a kwarin Galwan da ke iyakar ƙasashen biyu, Indiya ta rasa mutum 20, Sin daga baya ta amsa huɗu. Ban san wata yarjejeniyar da ƙasashen suka yi a 1996 ce ta hana su harbi kusa da layin ba, ban kuma haɗa shi da haramta TikTok da Indiya ta yi bayan mako biyu ba. A watan Agustan 2023, wata uku kacal kafin odarmu, Sin ta fitar da sabuwar taswirarta ta hukuma, Indiya ta yi tir da ita a fili. Mutumin da yake sayo wa Indiyawa kaya masu taswira daga Sin bai kamata wannan ya wuce shi ba. Wannan kasona ne na laifin, kuma na ɗauka.

Da na rubuta wa wakiliyar maɗaba'ar ina neman a rage mana kuɗi, amsarta gajeriya ce: babu kuskure. Ta ce duk taswirar da aka buga a ƙasarsu sai hukuma ta tantance, ko da waje za a kai ta, kuma ba za ta jefa kamfaninsu cikin masifa saboda mu ba. Daga baya na gano ba ƙarya ta yi ba, don a 2019 an lalata taswirori kusan 30,000 a birnin Qingdao na Sin saboda sun nuna Taiwan daban da Sin, Arunachal kuma a Indiya. Ita ma ta yi imani da layinta kamar yadda dattijo ya yi imani da nasa. Ban iya ce mata komai ba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, ko wata biyu ba a yi ba Oga ya sake tura oda wannan maɗaba'ar, wai ita ce mai sauƙin farashi. Haka ƙasashen ma suke. Ana zaman doya da manja a kan iyaka, ana ƙorafi kan abotar Sin da Pakistan da hanyar cinikinsu da ta bi ta yankin Kashmir, ana fargabar madatsar ruwan Sin a saman kogin Brahmaputra, amma a shekarar ciniki ta 2023 zuwa 2024 abin da Indiya ta sayo daga Sin ya zarce abin da ta sayar mata da fiye da dala biliyan 80. Kishin ƙasar da aka nuna ranar nan a kaina ya sauka, bai taɓa cinikin ba. Ban yafe wannan ba tukuna, ba zan ɓoye ba.

Ga mai zuwa bayana: duk samfurin da aka sa wa hannu ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka ajiye a wayarka. Kada ka haɗa Oga da wakilan maɗaba'a a zauren WhatsApp guda, ka zama kai ne tsani. Kada ka ce "Tibet" ko "Tawang" a teburin cin abinci don neman hira. In za a saka taswira, a tura musu zanen Afirka daga nan, ko a saka jadawalin sau.

Tun daga lokacin kwantena goma sha ɗaya suka shigo ta hannuna, ko katan ɗaya ba a dawo da shi ba. Takardar gargaɗin tana nan a fayil, na nemi a cire ta kafin in tafi, aka ce sai Oga ya dawo daga hutu. Littafi ɗaya na ɗauko daga sito, wanda ba a liƙe bangonsa ba, dattijo ya rubuta mini 1914 da 1962 da biro a gefen layin.