Na Sa Wa Ibn Majid Kofin Giya A Hannu, Ashe Ƙazafi Na Yi Masa

Kashi na bakwai shi ne wanda na fi alfahari da shi a duk shirin wasan kwaikwayon murya da na rubuta, kuma shi ne ya zo ya hana ni barci. A cikinsa ne tsoho Ahmad Ibn Majid, gwanin tuƙin jirgin ruwa na Larabawa, yake zaune cikin jirgin Vasco da Gama, jagoran jiragen Fotugal, a gaɓar Malindi da ke gabashin Afirka, ana ta cika masa kofi, har bakinsa ya suɓuce ya gaya wa mutanen Fotugal hanyar Indiya. Ba zan manta daren da muka ɗauki wurin ba. Mun kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, zufa na ta keto mana. Yaron da ke haɗa mana sauti ya ɗauko kofunan shayi biyu na gilashi yana gwara su kusa da makirfo, wani kuma ya tsuguna yana kaɗa ruwa a baho don a ji kamar teku ke dukan jirgi. Wanda ya hau muryar Ibn Majid ya iya maganar mai maye, har sai da tsigar jikina ta tashi. Na sa wa kashin suna "Da Ɗan Gari Ake Cin Gari". Da muka gama na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Wasan kwaikwayo ne na murya, kashi goma sha biyu, muna sakin ɗaya duk ranar Juma'a a WhatsApp da YouTube. Duk abin da na tara a watanni da dama nan na zuba shi: kuɗin situdiyo, na masu murya, na man janareta. Labarin tafiyar kuwa na riƙe shi sosai, tun daga tashin jirage huɗu daga Lisbon ranar 8 ga Yulin 1497, da zagayo ƙarshen Afirka ta kudu a watan Nuwamba, har isarsu kusa da Kalikut ta Indiya ranar 20 ga Mayun 1498. Kashi shida na farko sun tafi lami lafiya, ba ni da abin cewa a kansu.

Kwana biyu da fitar na bakwai, bayan sallar Isha'i, sai ga kiran aminin mahaifina, tsohon malamin tarihi da ya yi karatu a Sudan. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka bawan Allahn nan ya sha giya?"

Na ce, "Baba, a rubuce na gani, wuri fiye da biyar, har da na Larabci."

Ya ce, "To madalla. Su biyar ɗin, a wurin wa suka ji? Akwai wanda yake cikin jirgin a cikinsu?"

Na yi shiru. Ya ce in je in nemo masa mutumin da ya fara faɗa, sannan in dawo mu yi magana. Bai ɗaga murya ba, amma kafin ya ajiye waya ya ƙara da cewa, "Mamaci ba ya iya kare kansa, ka sani."

Mako guda na yi ina bin sawun maganar, kuma duk inda na bi wuri ɗaya take kai ni. Asalinta wani malamin tarihi ne na Makka, Ƙuɗbuddin al-Nahrawali, a littafinsa kan yadda Daular Usmaniyya ta ci ƙasar Yaman. Ya rubuta shi shekara saba'in da wani abu bayan tafiyar. Shi ne ya ce wani matuƙi mai suna Ahmad Ibn Majid ya yi abota da shugaban Turawan, suka sha tare, cikin maye ya ba su shawarar su daina bin gaɓa su nausa tsakiyar teku. Maganar ta kwanta har wajen shekarun 1920, lokacin da wani masani Bafaranshe, Gabriel Ferrand, ya ɗauko ta ya haɗa ta da matuƙin da da Gama ya samu a Malindi, ya ce ai mutum ɗaya ne. Daga nan ta bazu cikin littattafan makaranta da jaridu, kowa na kwafa daga na gabansa. Wurare biyar ɗin da nake tinƙaho da su, ashe bakin mutum ɗaya ne.

Su kuwa mutanen Fotugal da suka rubuta tarihin tafiyar, babu wanda ya ambaci sunan Ibn Majid a cikinsu. João de Barros ya ce matuƙin Musulmi ne mutumin Gujarat ta Indiya, ya kira shi Malemo Cana, kuma "malemo" ɗin nan ba komai ba ce illa "mu'allim", wato yadda ake kiran gwanayen tuƙi a Tekun Indiya. Wanda ya rubuta labarin yau da kullum daga cikin jirgin ma cewa ya yi Kirista ne, domin su a lokacin duk Ba'indiyen da ba Musulmi ba Kirista suke ɗaukarsa. Ibn Majid kuwa Balarabe ne haifaffen Julfar, inda ake kira Ras al-Khaimah a yau, kuma a 1498 ya riga ya manyanta. G. R. Tibbetts, wanda ya fassara babban littafinsa zuwa Turanci a 1971, bai yarda da labarin ba, haka ma masanin tarihi Sanjay Subrahmanyam a littafinsa kan da Gama na 1997. Kai, ko yadda aka samu matuƙin ma ba ta hanyar shaye-shaye ba ne. Da Gama ya tsare wani bawan Sarkin Malindi ne a jirgi, ya ce ba zai sake shi ba sai an aiko masa da wanda ya san hanya, aka aiko.

Da na gama haɗa wannan, jikina ya yi sanyi. Mutumin da ake wa laƙabi da Zakin Teku, wanda ya rubuta Kitab al-Fawa'id wajen 1490 ya tattara ilimin taurari da iska da gaɓoɓi tun daga Bahar Maliya har tsibiran gabas, shi na ɗauka na mai da mashayi kuma maci amana a kunnen dubban Hausawa da ba su taɓa jin sunansa ba sai a bakina. Abin da suka fara sani game da shi ke nan: ƙarar kofunan shayin nan biyu.

Abin da na fi daɗewa ina tambayar kaina shi ne, me ya sa ban yi shakka ba tun farko? Ni da na bi ranakun tafiyar ɗaya bayan ɗaya, na tantance sunayen jirage, me ya hana ni tantance zargi mai nauyi irin wannan? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Ina son labarin ya zama gaskiya ne, domin ya dace da irin labarin da na saba ji.

Labaran masu ratsa teku na farko, hanya biyu aka fi bi da su a adabi da fim. Ta farko ita ce ta gwarzon da ya tsaya a goshin jirgi yana hangen abin da sauran mutane ba su gani ba. Mawaƙin Fotugal Luís de Camões ya kafa wannan hoto da doguwar waƙarsa Os Lusíadas a 1572, inda da Gama yake fuskantar wani ƙaton dodo, Adamastor, a ƙarshen Afirka, alloli na gardama a kan makomarsa, teku kuma tamkar fili ne da ke jiran mai zuwa. Finafinan da aka yi kan Kolumbus a 1992, cikar shekara 500 da tafiyarsa zuwa nahiyar Amurka, kusan wannan layi suka bi. Hanya ta biyu ta waɗanda aka ci da yaƙi ce, kuma ita na ɗauka ina ganin na waye: baƙo mugu ne, amma da bai samu na gida da ya buɗe masa ƙofa ba, da bai shigo ba. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya da namu na Hausa ya san wannan mutumin, wanda yake cin abinci da ku da rana ya kai rahotonku da dare. Mun saba da shi har idan babu shi a labari sai mu ji kamar miya ba gishiri. Na ƙi gwarzon Camões, na faɗa hannun maci amana, ban lura cewa shi ma ƙirƙirarsa aka yi ba. Kuma yana da daɗin ji, saboda yana rage raɗaɗi: ba fin ƙarfinmu aka yi ba, sayar da mu aka yi.

Don haka idan kana rubutu kan mutanen da suka taɓa rayuwa, wurin da labari ya fi yi maka daɗi, inda ka ji komai ya zauna daram kamar a fim, nan za ka fi tsananta bincike. Kuma kada ka ƙirga yawan wuraren da ka ga magana, ka bi ta har ka ga inda ta fito. Da na yi wannan na kwana biyu kacal kafin shiga situdiyo, da ban yi asarar da na yi ba.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Kashi biyar na gaba duk an riga an ɗauka, kuma dukkansu a kan nadamar Ibn Majid na gina su, har da wurin da yake kuka a Makka yana neman gafara. Dole aka zubar da su gaba ɗaya. Na sauke na bakwai daga YouTube, na yi saƙon murya na minti huɗu na ba da haƙuri na faɗi inda na yi kuskure. Shirin ya tsaya wata biyu kafin in samu kuɗin komawa situdiyo, masu sauraro da yawa ba su dawo ba. Wasu ma haushina suka ji, wani ya rubuto mini cewa Turawa ne suka matsa mini in wanke maci amana. Wannan ta yi mini ciwo, don wanda nake ƙoƙarin wankewa malami ne Musulmi, kuma wanda ya yaɗa zargin a zamaninmu Bature ne.

Amma sabon rubutun ya fi tsohon, wannan kam ina faɗa da bakina cike. Da na cire maci amana sai teku ta cika da mutane. Na bar matuƙin ba suna, ma'aikaci kawai da sarki ya tura aiki, kamar jagaba a ayarin fatake, wanda madugu ke da suna amma shi ya san inda rijiya take. Na sa shi yana auna tsayin tauraro da kamal, ɗan katako mai igiya da ƙulle-ƙulle, ya ciji igiyar da haƙori ya miƙa katakon har gindinsa ya zauna a kan layin ruwa, yana lissafi da yatsu. Da iskar da ke kaɗawa daga kudu maso yamma a wannan lokaci na shekara ya kai su Indiya cikin kwana ashirin da uku. A Kalikut suka tarar da 'yan kasuwa biyu mutanen Tunis da ke jin harshen Sifaniya, suka tambayi ɗan aiken mutanen Fotugal me ya kawo su, ya ce sun zo neman Kiristoci da kayan yaji. Da aka fito da kyautar da za a kai wa sarkin garin, yadi da huluna da murjani da sukari da zuma, fadawa dariya suka yi, suka ce ɗan kasuwa mafi talauci daga Makka ya fi haka kawowa. Wannan wurin ya fi wurin giyar nan armashi nesa ba kusa ba, kuma a rubuce yake daga wanda ya gani da idonsa.

Komawarsu ita ta fi nuna darajar ilimin da na tozarta. Sun taso ba tare da gwanin hanya ba, a lokacin da iska ke gaba da su, tafiyar kwana ashirin da uku ta koma kusan wata uku. Ciwon rashin ɗanyen abinci ya kama su, dasashi ya kumbura ya rufe haƙora, mutum talatin suka mutu a wannan tsallakawa kaɗai, har suka ƙone jirgi ɗaya don babu isassun masu tuƙa shi. Muguntar da Gama kuwa ba ta buƙatar a ƙirƙiro mata mataimaki. A tafiyarsa ta biyu a 1502 ya tare jirgin Miri ɗauke da alhazai masu dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyar, ya cinna masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har da mata da yara. Ranar da muka ɗauki wannan kashi, babu wanda ya iya magana a situdiyo bayan an kashe makirfo.

Na kai wa Baba sabon kashi na bakwai har gida, ya saurara a wayata yana zaune kan buzunsa, ido a rufe. Da ya ƙare ya ce, "Yanzu ka yi aiki, ɗana. Ka riƙa sa shi a addu'a." Ina yi kuwa, duk sanda ya faɗo mini a rai.

Sai dai abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Makon jiya wani tsohon abokin karatuna ya turo mini tsohon kashin nan a wani zaure da muke ciki, bai ma san ni na rubuta ba, ya sa masa take da manyan baƙaƙe wai a ji yadda wani Balarabe ya sayar da Musulmi a kan kofin giya. Mutum sama da ɗari biyu ne a zauren. Na tura gyararren kashin da saƙon ban haƙurina a ƙarƙashinsa, na zauna ina kallon waya har wajen ƙarfe ɗaya na dare, mutum uku ne suka amsa.