Kwana arba'in ina rubuta abin da na manta

Saura kwana uku ƙaramar Sallah, bara, wani dattijo da na shekara goma sha ina yi wa ɗinki ya tsaya a bakin shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ya ce ya zo karɓar kayan jikokinsa. Na ce, "Waɗanne kaya, Baba?" Bai tanka ba, sai ya nuna ƙarƙashin teburin yanka da bakin sandarsa. Baƙar leda ce, da shadda a ciki, ko warware ta ban yi ba. Tun farkon azumi ya kawo ta tare da yara uku, na gwada su da tef, na kuma ce masa da bakina, "Kada ka damu, awon yana kaina." Kwana biyu na yi a kan keke ba barci kafin na fitar da kayan, bayan an sake kawo mini yaran na sake awo. Ya biya kuɗinsa cif bai rage ko sisi ba, kuma wannan ya fi zagi zafi.

Ba shi ne na farko ba. In ajiye almakashi in yi ta nema, in tambayi yaran shago ina tef alhali yana rataye a wuyana. Uwargida ta ce in taho da daddawa, kanwa da ashana, in koma gida da biyu. A salla kuwa ƙabli da ba'adi sun kusa zame mini farilla. Shekarata arba'in da huɗu, kuma na ga yadda kakata ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta har ta daina gane 'ya'yan cikinta. Tsoro ya kama ni.

Ƙanena malami ne a kwalejin ilimi, yana koyar da ilimin halayyar ɗalibai da yadda ake koyo. Da na kai masa kuka sai ya zaro naira ashirin daga aljihu ya dunƙule a hannu. "Yaya, hoton wa ke gaba?" Na ce Murtala. "To bayanta fa?" Na yi shiru. Kuɗin nan ya ratsa hannuna sau dubu nawa, amma ban iya cewa Ladi Kwali ce, mai ginin tukwane, ke zaune a bayansa ba. Ɗari biyu ma na san Sardauna, shanu da dalar buhunan da ke baya kuwa sai da ya nuna mini. Ya ce an yi wa Amurkawa irin wannan gwaji a 1979 da kwabonsu, yawancinsu suka kasa zana shi daidai. "Wannan ba mantuwa ba ce, Yaya. Ba ka taɓa sa shi a kai ba balle ya fita. Je ka sami ɗan littafi, duk abin da ka manta ka rubuta, da abin da kake yi a lokacin da ya kamata ka riƙe shi."

Na sayi littafi irin na 'yan firamare, na yi kwana arba'in ina rubutawa. Abin dariya, a makon farko sau biyu ina manta littafin a gida.

Da na zauna na karanta abin da na tara, fiye da rabi iri ɗaya ne da na naira ashirin. Almakashi na ajiye shi ina amsa waya. Makullin babur na jefa shi kan yadi ina gaisawa da maƙwabci. Saƙon uwargida na ce "to" ina ɗaure takalmi, hankalina na wurin mai injin surfani da ya riƙe mini riga. Hannu ya yi aiki, kunne ya ji, zuciya ba ta wurin. Neman irin wannan abu a ƙwaƙwalwa kamar neman kuɗi ne a asusun da ba ka jefa komai ba.

Batun awon yaran nan ma ya warware mini. Ƙanena ya ce akwai ɗan wurin riƙo na wucin gadi a kan mutum, inda lamba ke tsayawa tsakanin jin ta da rubuta ta, kuma ƙarami ne ƙwarai. Wani masani Ba'amurke, George Miller, ya rubuta a 1956 cewa abu bakwai yake ɗauka, ko ya ɗara da biyu ko ya gaza da biyu. Na bayansa suka ce ma wajen huɗu ne. Shi ya sa lambar waya mai lamba goma sha ɗaya muke yanka ta uku in za mu faɗa, huɗu, uku, huɗu, ba wanda ya koya mana. Ni kuwa kaftani da wando na yaro ɗaya awo tara nake ɗauka: tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, tsawon wando, ƙugu, cinya, bakin ƙafa. Yara uku, lamba ashirin da bakwai, da azumi a baki, ga wani kwastoma yana jira. Da na ce "yana kaina", alfahari ne kawai irin namu na tsofaffin teloli, masu ganin rubuta awo aikin ɗan koyo ne.

Akwai kuma wadda kowa ya sani: ka taso daga zaure ka shiga ɗaki, ka tsaya tsakiya kana tambayar kanka me ya kawo ka. Wannan ma ashe an gwada ta. Gabriel Radvansky na jami'ar Notre Dame a Amurka ya wallafa bincike a 2011 da ya nuna ratsa ƙofa kan sa mutum ya saki abin da ya riƙo, kamar ƙwaƙwalwa ta ɗauka wancan babi ya rufe. A littafina ta fi faruwa ranar da kai ya yi nauyi. Maganinta da na samu mai arha ne: in tafi ina faɗin sunan abin a baki, "alli, alli", ko yaran shago za su yi dariya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne kashi na biyu, abin da na tabbata ya shiga amma ya zube. A nan ba ƙanena ya fara buɗe mini ido ba, alaramman unguwarmu ne, wanda na yi allo a gabansa ina yaro. Na riƙe izu biyar a lokacin. Yau in ka tsayar da ni, da ƙyar in kawo biyu ba gyara. Na ce, "Allah gafarta Malam, kai izu sittin, ga shekaru, yaya ba ya tafiya?" Ya yi murmushi ya ce wa ya gaya mini ba ya tafiya. Ya kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani, don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Ya ce shi kullum yana da abin da yake tilawa, da asuba da bayan isha'i, ko yana zazzaɓi. Sabon karatu a maimaita shi yau, a maimaita gobe, sannan a riƙa waiwayarsa jefi-jefi. Kuma ba duba allo ake yi ba: kife shi ake yi a kawo da ka, inda aka kakare a leƙa.

Da na ba ƙanena labari sai ya ce tsangaya ta riga su. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya haddace tarin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana gwada kansa bayan mintoci, awoyi da kwanaki, ya fitar da sakamakon a 1885. Zubewar da gudu take farawa: cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya wajen kashi ɗaya cikin uku ya rage, daga nan sai ta lafa. Ya kuma ga maimaici a warwatse cikin kwanaki ya fi na zama ɗaya riƙewa. Kife allon ma, in ji shi, bincike ya tabbatar da shi: ƙoƙarin jawo abu daga ka ya fi sake karanta shi dasa shi. Ni dai a ganina Bature ya auna ne ya sa lamba, amma gardi ya daɗe da sanin abin a jikinsa.

Barci ma na ciki, kuma nan ne mu teloli muke cutar kanmu. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. Goman ƙarshe na azumi kuwa daga buɗa-baki zuwa sahur muna kan keke, muna jiran wuta ko muna fama da janareta. Ba mamaki a lokacin ne ake ɗinka wa Musa wuyan Isa.

Labarin da ya fi kwantar mini da hankali na wani Ba'amurke ne, Henry Molaison. A 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe mai suna hifokamfas a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi ba. Masu bincikensa na shekaru, kullum baƙi ne a wurinsa. Amma da aka riƙa sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, kullum hannun na ƙara gwaninta, shi kuwa yana cewa bai taɓa yi ba. Ashe rumbun ba ɗaya ba ne. Na iyawar hannu daban, na abin da ya faru daban, na "in an jima zan yi kaza" daban. Shi ya sa ƙafata ba ta taɓa manta taka keke ba, nake zura zare ina hira, amma na manta ledar Baba. Ƙanena ya ce abin da zai sa a garzaya wurin likita shi ne mutum ya ɓata a hanyar gidansu, ko ya riƙe makulli ya rasa me ake yi da shi, ko ya yi tambaya ɗaya sau biyar a zama ɗaya. Cikin kwana arba'in ɗina babu ko ɗaya irin wannan.

Abin da na sauya kaɗan ne. Na kafa ƙusa a jikin tebur, almakashi ba shi da wani gida sai nan. Kayan da ba a yanka ba sun bar ƙarƙashin tebur sun hau kanta inda ido ke kaiwa, kowace leda da suna da ranar karɓa a liƙe. Saƙon cefane nakan tsaya in dubi uwargida in maimaita mata, in abin kaiwa ne in rataye shi a hannun babur tun dare. Har yanzu ina mantuwa; makon jiya na bar dutsen guga a kunne na tafi masallaci, Allah ya kiyaye yaro ya gani. Izu ukun nan kuma na koma ina bi bayan asuba, sumuni-sumuni, allo a kife.

Bana farkon azumi Baba ya dawo da yaran, sun zama huɗu. Na ɗauko littafin awo da biro, ina gwadawa ina faɗa da ƙarfi, yaron shago yana rubutawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yau ba ya kanka ke nan?" Na ce, "A'a, Baba, yana shafi na goma sha biyu."