Zaren fatsa a zafin kogin Faro

Daga Garwa ta ƙasar Kamaru muka tashi bayan sallar asuba, ƙarshen watan Fabrairu, a bayan wata a-kori-kura da aka loda wa buhunan shinkafa da jarkokin mai. Ɗan kawuna, wanda nake kira Yaya, shi ya samo mini wuri a motar. Gidanmu gidan masunta ne, kakanninmu Sarkawa ne da suka biyo ruwa daga Yawuri har suka zauna a bakin Binuwai. Sai dai Yaya ya ajiye taru da birgi, yanzu yana aiki a wani sansani da ke karɓar baƙi masu fatsa a bakin kogin Faro.

Mun bi titin Gaundare zuwa kudu, muka karkata yamma ta Poli, daga nan kuma sai ƙura da gargada har yamma. Faro yana gangarowa ne daga tsaunukan Adamawa, ya bi gefen gandun dajin da ke ɗauke da sunansa, ya je ya faɗa Binuwai a cikin Najeriya. Da rani ruwansa yakan ja baya, ya yi garau, ya bar faffaɗan yashi da duwatsu da gurabu masu zurfi inda dorina ke kwana. A waɗannan gurabun giwan ruwa yake, tsage kuma yana inda ruwa ke gudu.

Baƙin da na tarar daga Faransa da Afirka ta Kudu suke. Fatsarsu ba ta da tana, ba ta da dalma. Gashin tsuntsu da zare mai ƙyalli suke ɗaura wa ƙugiya ta yi kamar ƙwaro ko ƙaramin kifi. Abin ba shi da nauyin da zai kai shi ko'ina, saboda haka zaren ne ke da nauyi, shi ake jefawa, ƙugiya ta bi shi. Mutum zai tsaya cikin ruwa, ya kaɗa sanda baya, ya dakata zaren ya miƙe a iska, sannan ya turo shi gaba ya warware a kan ruwa ya sauka a hankali. Na girma cikin masunta, amma ban taɓa ganin jifa mai kyan wannan ba.

Da daddare Yaya ya yanko guntun wani tsohon zare ya nuna mini cikinsa. Akwai saƙaƙƙiyar jijiya ta nailan a tsakiya, an lulluɓe ta da roba. Wanda ake so ya yi iyo an cusa wa robarsa ƙananan ƙwayoyin gilashi masu iska a ciki, wanda ake so ya nutse kuma an gauraya masa garin ƙarfe mai nauyi. Tsawonsa yakan kai kusan mita 30, gabansa ya fi kauri, bayansa siriri don ya zame ta cikin zobban sanda. Kafin 1953, lokacin da kamfanin Cortland na Amurka ya fito da mai rufin roba, galibi da siliki ake yin sa, kullum sai an shanya an shafa masa maiko. A 1961 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka tsayar da ma'auni ɗaya: ana auna nauyin ƙafa 30 na farko a ba shi lamba. Lamba 5 wajen giram 9 ne, shi ake wa ƙananan kifi. Lamba 12 ya kusa giram 25, shi suke ɗaura wa giwan ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zafi ke tona asirin zare. Wani dattijo cikin baƙin ya zo da wanda yake amfani da shi a kogunan ƙasarsu masu sanyi. Da safe, iska na da sauran sanyin hunturu, zaren yana tafiya lafiya lau. Rana na take tsaka sai ya saki jiki, ya yi laushi da danƙo kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Yana manne wa zobba, yana cukuikuyewa a ƙafarsa, jifan da yake kaiwa tsakiyar gurbi da safe ya koma faɗuwa a gabansa. Na tausaya masa ƙwarai, don hannunsa gwani ne, kuma daga nesa ya zo. Yaya ya ara masa irin wanda aka yi don ƙasashen zafi, mai taurin jijiya da taurin fata. Shi kuma wannan da sanyin asuba yakan fito a nannaɗe, sai an ja shi da hannu an miƙar kafin a fara.

Na ce, "Yaya, wanne ya fi ƙarko a cikinsu?"

Ya ce, "Ƙanena, duba fatarsa. Muddin tana da santsi zai yi nisa. Ran da ta fara tsagewa, jifa ya ƙare."

Na duba kuwa, na ga gaskiyarsa. Yashin Faro kaifi gare shi. Zaren da aka tara a ƙasa aka taka shi da takalmi yakan kwashi yashi, yana wucewa ta zobba yana cin kansa. In tsagar ta kai jijiya, ruwa ya shiga, bakin zaren da ya kamata ya yi iyo sai ya riƙa nutsewa, ɗaga shi daga ruwa ya zama aiki. Ga kuma tsando da ya cika dajin. Kowa na shafa maganin ƙwari, shi kuwa maganin da ke da sinadarin DEET yana cin roba. Yaya ba ya bari kowa ya taɓa zare sai ya wanke tafin hannunsa. Barin kwarkwaron da ake naɗe zaren a cikin mota da rana ma haramun ne a wurinsa, domin zafi na busar da abin da ke sa robar laushi.

Kowace yamma aikina ke nan tare da shi: mu warware zarurrukan cikin bokitin ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi, mu ja su ta cikin tsumma, mu bi da yatsa muna neman tsaga. Ƙazantar da ke fita a tsumman takan ba ni mamaki. Washegari kuma ka ji bambanci a jifa tun daga ƙarar zaren a zobba.

Giwan ruwa da dare ake nemansa. Daren da na raka su, wani baƙo ya kama babba, kifin ya ja zaren ya shige ƙarƙashin dutse ya goga shi sosai kafin a fito da shi. Aka ɗauki hoto, aka zare ƙugiya, aka sake shi. Wannan ya yi mini nauyi a zuciya, ɗan masunta ne ni, na san bakin mutum nawa kifin nan zai ciyar, ko da yake na fahimci sakin ne ya sa har yanzu akwai manya a gurabun. Da gari ya waye muka ga fatar zaren ta ɗaye wajen taku biyu, jijiya a fili. Yaya ya yanke shi, ya ɗaura sabo. Tsohon kuwa ni na roƙa, na taho da shi Garwa a motar da ta koma ɗauko kaya, don Kawu ya ce sai ya ga zaren da ake jefawa ba dalma da idonsa.