Ajin da Ba Wanda Yake So

Akwai ayar da na daina karanta wa mutum a ranar da abu ya same shi, ko da yake na gaskata ta da zuciya ɗaya. Ita ce Romawa 8:28, inda manzo Bulus ya ce Allah yana sarrafa kome domin amfanin waɗanda suke ƙaunarsa. Maganar gaskiya ce, sai dai mutum bai cika ganinta ba sai ya yi nisa ya waiwayo. Aikin koyarwa ne ya nuna mini haka, fiye da duk wa'azin da na taɓa ji a kai.

A wata shekara kowa a makarantarmu ya ɗauka ni za a ba mataimakin shugaba. Ni ma na sa rai, har na yi addu'a da azumi a kai. Da takarda ta fito, sunan wani ne a ciki. Ni kuwa aka ɗauke ni daga ajin haziƙai aka miƙa mini ajin yaran da suka yi ta maimaita aji, waɗanda shekarunsu sun isa barin firamare amma ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. A ɗakin malamai horo ake ɗaukar wannan aji. 'Yan'uwa suka yi ta ba ni haƙuri, wannan ya ce wani hani ga Allah baiwa ne, wancan ya ce bayan wuya sai daɗi. Ina amsawa da amin, amma iyakarta baki.

A ajin nan ne na san abin da ake kira koyarwa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ko malami ya iya ko bai iya ba, zai tsinci karatu. Waɗannan kuwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gano inda aka yi asararsu. Wani allo ne ba ya gani, an ajiye shi a bencin baya shekara da shekaru saboda tsawonsa. Wata kunnenta ɗaya ne ba ya ji sosai, ana ta ce mata mai taurin kai. Akwai wanda zai rera maka shafi guda ba tuntuɓe, amma da ka rufe hoton da ke sama ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya, sai ya tsaya yana kallonka, ashe hadda ce kawai. Da yawansu sun san sunayen haruffa tun daga farko har ƙarshe, ba su san sautin da kowane harafi yake bayarwa ba, balle su haɗa shi da na kusa su fitar da gaɓa.

Ba ni na gano hanyar ni kaɗai ba. Ajin da ke jikin nawa na wata dattijuwar malama ne da ta kusa ritaya, wadda a da tsakanina da ita sai gaisuwa. Wata rana ta leƙo ta tarar ina fama, ta ce, “Ɗana, ajiye littafin nan tukuna. Fara da kunnensu, ido zai biyo baya.” Na ce, “Mama, ki nuna mini.” Ta karɓi alli. Abin da ta nuna mini a 'yan makonnin nan, ban same shi a kwalejin horar da malamai ba. Da an ba ni kujerar da na nema, da ta yi ritaya ta tafi da abinta, ni kuwa ina ofis ina sa hannu a rajista.

Tun daga lokacin nake karanta labarin Na'omi da wani ido. Ta koma Baitalami bayan ta binne miji da 'ya'ya maza biyu a ƙasar Mowab, ta ce wa matan garin ta fita a wadace, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi (Rut 1:21). Tana wannan magana, Rut, matar ɗanta da ya rasu, na tsaye a gefenta. Matar da ta bar ƙasarta da danginta domin ta bi ta, ba a ma lissafa ta ba. Ba na ganin laifin Na'omi, baƙin ciki yana rufe ido. Amma a sura ta 4 matan garin suka gaya mata cewa surukar nan ta fi mata 'ya'ya maza bakwai, kuma daga cikinta Obida ya fito, kakan sarki Dawuda. Sau da yawa muna zuba ido mu ga Allah ya mayar mana da ainihin abin da muka rasa, kujera a madadin kujera, kuɗi a madadin kuɗi, alhali abin da ya bayar mutum ne, yana nan kusa tun tuni.

Akwai kuma albarkar da ta fi wannan wuyar gani, wato abin da bai faru ba. Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa shekara 40 a jeji tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu ba su kumbura ba (Maimaitawar Shari'a 8:4). Wa yake tashi da safe ya yi godiya don ƙafarsa ba ta kumbura ba? Fitowa 13:17 ma ta ce Allah bai bi da su ta ƙasar Filistiyawa ba, ko da yake ta fi kusa, don kada su ga yaƙi su juya Masar. Su dai doguwar hanya suka gani. Yaƙin da aka kauce da su daga gare shi, ba su taɓa ganinsa ba, to da wane baki za su gode?

Amma wanda ya fi gyara mini tunani shi ne Yusufu, musamman in aka yi lissafin shekarunsa. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, sannan suka sayar da shi. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, aka shiga ta 2 ta yunwa, sannan ya ce wa 'yan'uwansa Allah ne ya aiko shi gaba domin ceton rayuka (Farawa 45:5-8). Wajen shekara 22 ke nan kafin maganar ta fito, kuma daga bakinsa ta fito, shi da ya sha wuyar. Ba wanda ya tsaya a bakin rijiya ya leƙa ya ce masa ya yi murna, wani hani baiwa ne. Ko a ƙarshe ma bai wanke 'yan'uwansa ba. A Farawa 50:20 ya ce su mugunta suka nufa, Allah kuwa ya nufe shi da alheri. Maganganu biyu ne, kowace na tsaye da ƙafarta. Saboda haka in an danne wa ma'aikaci hakkinsa, an danne ne, kuma yana da damar ya nemi a gyara. Alherin da Allah ya fitar daga ciki ba ya mai da zalunci ya zama adalci.

Tarihin ikilisiya ma yana da irinsa. A 1521, bayan an gurfanar da Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, a gaban majalisa a birnin Worms, aka ɓoye shi a fadar Wartburg wajen wata goma. Wasiƙunsa na lokacin cike suke da kukan zaman kaɗaici da rashin lafiya. A cikin zaman nan ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga shi a watan Satumba na 1522. Mu da muke karanta tarihi muna ganin amfanin ɓoyon nan sarai, shi kuwa a lokacin gani yake an raba shi da fagen aikinsa.

Inda nake taka-tsantsan shi ne, ba kowace wahala ce take bayyana dalilinta a wannan duniya ba. A lokacin ba da shaida a majami'a mun fi son labarin da ya ƙare da tafi: an kore ni, sai na sami wanda ya fi shi. Wanda nasa labarin bai ƙare haka ba sai ya sunkuyar da kai, yana tsammani bangaskiyarsa ce ta gaza. Alhali Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Ibraniyawa 11 bayan ta lissafa waɗanda suka ci nasara, ta lissafa waɗanda aka jejjefe, aka kashe da takobi, ta ce su ma an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya. Abokan Ayuba kuwa, kwana bakwai ɗin da suka yi zaune da shi ba magana su ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilin wahalarsa, Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7).

Ni dai kujerar nan ban same ta ba har yau, kuma ajin ina riƙe da shi, yanzu da son raina. Amma akwai wani abokin aikina, mai tsoron Allah, malamin lissafi da ba a samun irinsa, wanda rage ma'aikata ya rutsa da shi. Ga iyali, ga haya. Da na je gaishe shi ya ce, “Malam, kai ka ga taka albarkar. Ni fa?” Ban jawo masa aya ba. Na ce masa tambayar tasa daidai ce, Dawuda ma ya yi irinta a Zabura 13. Muka yi addu'a gajeriya, sannan muka zauna muka gyara takardar neman aikinsa, washegari na kai ta wata makaranta da hannuna. Har yanzu ba su kira shi ba.